Kaset Ɗin Musah

Mancesta, 6 ga Maris, 1988

Ƙanwata Alima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Mma Fusena, da fatan ƙafarta ta daina kumbura. Ki gaida mutanen gida duka, har Salimatu ta ɗakin bakin ƙofa. Ni lafiya lau, sai sanyi da wankin zannuwan otal da ya tsattsaga mini hannu. Makarantar wayar lantarki tana tafiya. Kaset ɗin gaisuwa na Mma na saurara, na ɗora amsata a kansa kamar kullum, zai zo hannun Alhaji Tajudeen idan ya gama sarin takalmansa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna kaset ɗin da yayanki Musah, Allah ya jiƙansa, ya tsinta a aljihun kwat ɗin gwanjo a kasuwar Kantamanto, wanda ko suna babu a jikinsa? Wanda muke ji mu uku a bayan ɗaki ranar Lahadi har batir ya mutu, mu shanya shi a rana mu sake sawa? Cale, abokiyata, ashe garin masu irin kiɗan nan na zo. Samari huɗu ko biyar ne za su haɗu a gareji, jita tana ƙara kamar ana jan kwanon rufi a ƙasa, mawaƙin ba shi da muryar kirki amma abin da yake faɗi daga cikinsa yake fitowa. Manyan kamfanoni ba sa kallonsu, su ma ko a jikinsu. Su buga faifai ɗari biyar da kansu, su zana bangon da hannu, su kai shago. Ranar da na fara jinsu ido da ido sai da na yi hawaye, don ke da Musah nake ta nema a gefena. A unguwarmu Maamobi aka ce mana masu kiɗan mahaukata. To ga gari guda na mahaukata, har da shagunansu.

Akwai wani Bature mai ƙaramin shagon faifai, shi ma yana buga wa irin waɗannan samarin. Na ba shi labarin waƙoƙi tara da muka ɗauka a shagon mai gyaran rediyo na Kokomlemle shekara biyar da suka wuce, Musah da jita, ni da gangunan gwangwanin fenti, ke kina riƙe da rikoda kina amshi. Na rera masa kaɗan daga ta babban kwata, wurin da Musah yake cewa ruwan kwata ma teku za shi. Ya ce lallai yana so ya ji, in ya yi masa zai buga faifai da sunan Musah a bango.

Ki aiko mini da kaset ɗin waƙoƙin namu, na asalin. Kada ki kai a kwafa, kwafi yana cinye sauti.

Ɗan'uwanki,
Seidu

Maamobi, 3 ga Afrilu, 1988

Bra Seidu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same mu lafiya. Ƙafar Mma tana nan yadda ka bar ta, yau ta saɓe gobe ta tashi, amma bakinta lafiya ƙalau, ba ta fasa faɗa da masu zubar da ruwa a ƙofarmu ba. Ni ina nan ina buga tafireta a Kokomlemle, katin biki da takardar sanarwar mutuwa, su ne cinikin garin. Alhaji Tajudeen ya kawo kaset ɗin gaisuwa, mun ji muryarka, sai dai daga tsakiya ya tsinke. Kaset ɗin ya gaji da zuwa da dawowa, shekara biyu yana hanya. Na yi wa Mma alkawari zan kawo mata wani.

Yanzu maganar Musah. Ka rubuta "ki aiko" kamar kana aike na sayo kanwa. Ka manta yadda kaset ɗin nan ya tsira? Kwana uku da binne Musah kawunai suka ɗauke jitar suka bayar, Mma ta ce jitar ce ta raba ɗanta da sana'a da mutunci, kada ta ƙara jin ko sunanta a gidan. Ni na kankare rubutun da ke jikin kaset ɗin da reza don kada a gane shi, na karya 'yan haƙoran nan biyu na bayansa don kada a ɗora wani abu a kai, na ɓoye shi cikin tsummokarana. Shekara uku ke nan, sai Mma ta tafi biki nake rufe ƙofa in ji shi ƙasa-ƙasa. Kai kana da gari guda na mahaukata. Ni wannan kaset ɗin ne garina.

Na ma ƙi jin maganarka, na ɗauke shi na kai kasuwar Nima wurin mai kwafi. Ina tsaye injinsa ya tauna kaset ɗin bikin wata mata, ya yi ta zaro shi kamar hanjin kaza. Na maida nawa jaka na dawo gida.

Kuma ina jin tsoro. A nan an yi wa Musah dariya yana da rai, yana iya ramawa. Wani lokaci nakan ce gara kaset ɗin ya ɓace da a kunna shi a gaban waɗanda za su yi masa dariya ba ya nan. Amma na san abin da shi zai ce, zai ce matsoraciya. Ka bar ni in yi azumi da shi. Bayan salla Alhaji zai taso, zan ba shi.

Alima

Maamobi, 20 ga Mayu, 1988

Bra Seidu,

Barka da salla. Kowa lafiya. Da sauri nake rubutawa kafin motar trotro ta cika, Alhaji zai biyo gida da hantsi ya karɓi saƙo, ni kuwa ina wurin aiki. Ga shi nan cikin ambulan. Jiya na ji shi daga farko har ƙarshe. Ka riƙe shi da amana, kuma ka ce wa Baturenka Musah da "h" ake rubutawa, haka shi yake so.

Alima

Mancesta, 30 ga Mayu, 1988

Alima,

Ina gaisuwa. Saƙonki ya iso.

Ban kunna shi a ɗakina ba. Na ce ba zan ji muryar Musah ni kaɗai ta ƙaramar rikoda ba, sai a babbar sifika, yadda bai taɓa jin kansa ba. Ranar Asabar na sa rigar salla na tafi shagon. Mai shagon ya kira abokansa uku masu kiɗa, ya rage ƙarar abin da ke ci, kowa ya kasa kunne. Na tsaya na yi musu jawabi a kan Musah. Na danna.

Sai ga Mma tana tari, tana cewa, "Seidu, kana jina? Kana cin abinci kuwa? An ce matan can ba sa dafa komai sai dankali." Sai muryar Salimatu tana cewa a gaya mini 'yarta ta yi haƙori. Na tura gaba, Mma ce tana lissafa waɗanda suka yi aure. Na sake turawa, Mma ce. Ɗaya daga cikin samarin ya tambaye ni ko wannan ce waƙar ta farko. Ba su yi dariya da ƙarfi ba, mutanen nan suna da ladabi, amma na ga kafaɗunsu. Na cire abina na fita, ban koma titin ba har yau.

Da farko na ce kuskure kika yi, kin aiko wani kaset. Sai na duba jikinsa na ga kankarar rezarki, na ga an cusa takarda a ramukan haƙoran an manne da salatif. Wannan ba aikin kuskure ba ne, sai da aka zauna aka yi shi. Na ɗauko wasiƙarki ta Afrilu na sake karantawa. "Gara kaset ɗin ya ɓace." Ai kin faɗa, ni ne ban ji ba.

Da kin ce ba za ki bayar ba, da na haƙura. Yayanki ne, ni kuwa dangantakarmu sai an zauna an lissafa, kakata da kakarki ne 'yan ɗaki ɗaya, an kawo ni gidanku daga Bawku da jakar leda. Amma ni ma hannuna yana cikin waƙoƙin nan. Kin kashe su don kada in zama ni na fitar da shi duniya. Ban san kina da wannan zuciyar ba, kuma ban yafe ba.

Amsar kaset za ta zo a kan kaset, yadda aka saba.

Seidu

Maamobi, 19 ga Yuni, 1988

Bra Seidu,

Ina gaisuwa. Mma ba lafiya, kumburin ya hau har ciki, kwana shida ba ta fita tsakar gida ba. Ruwan sama ya cika babban kwata ya shigo mana ɗaki sau biyu. Zan fara da wannan don ka san a cikin wane hali na karanta zaginka.

Daga wasiƙarka na fara sanin abin da ya faru. A bakin tafireta na karanta ta, sai da mai gidan aikin ya ce in tafi gida. Na tsare Salimatu, ta faɗa mini komai tana murna, a zatonta taimako ta yi.

Ranar da Alhaji zai zo, na ajiye ambulan a kan kwabar Mma, ban manne bakinsa ba don na manta in sayo gam. Na ce mata, "Mma, ga kaset ɗin Seidu, Alhaji zai zo ya karɓa." Me zan ce mata? In ce ga waƙoƙin Musah da kika hana? Ita kuwa wata biyu tana jiran kaset ɗin da na yi mata alkawari. Ta ga kaset fari ba rubutu, an ce na Seidu ne, matafiyi yana hanya. Shekara biyu in aka faɗi haka abu ɗaya ake yi a gidan nan. Ta kira Salimatu da rikoda. Jan maɓalli ya ƙi dannuwa, Salimatu ta ce ta san maganinsa, ta cusa takarda ta manne. Alhaji ya zauna ya sha koko yana jiran su gama.

To ka ji. Ni na ajiye shi, ni na ƙi faɗin gaskiya, ni na ƙi bari a kwafa. Kai kuma ka ce na asali kake so. Ka zaɓi wanda za ka ɗora wa, ni na riga na ɗora wa kaina. Amma ka ce da gangan na yi? Ni da na yi shekara uku ina jin sa kamar mai sata? Ka ɗauki layi ɗaya daga wasiƙata ka bar na bayansa. Kuma maganar jakar leda, kai ka tuna da ita, a gidan nan ba wanda ya taɓa yi maka gori.

Duk da haka ba don in wanke kaina na rubuto ba. Ka ce ka tura gaba, ka tura gaba, ka cire. Ba ka juya shi ba ke nan. Salimatu ta ce da suka juya gefe na biyu, Mma ta kori matan gidan da suka taru, ta bar ta ita kaɗai don riƙe rikoda. Ta yi maganar Musah, abin da ba ta yi da kowa ba tun da aka fita da shi. Ta ce ita ta sa aka ɗauke jitar, kuma abin yana cin ta. Ta ce duk Lahadin da muke bayan ɗaki tana jikin bango tana tankaɗe, tana jinmu. Sannan ta rera ta babban kwata, tun daga farko har ƙarshe, ba ta ɓata baiti ɗaya ba. Salimatu ta ce ita ba ta ma san waƙar mene ne ba, kawai ta ga tsohuwa tana waƙa hawaye na zuba.

Na je na zauna kusa da ita na ce, "Mma, ki rera mini." Ta juya fuska bango ta ce ta riga ta ba Seidu, ba ta da numfashin yi sau biyu. Ban gaya mata a kan me ta ɗora ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Don Allah ka juya kaset ɗin ka ji. Kada ka ɗora amsa a kansa wannan karon. Ka sayi sabo.

Alima

Maamobi, 28 ga Yuni, 1988

Bra Seidu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mma ta rasu jiya Litinin bayan azahar, an kai ta kafin magariba. Ba ta sha wahala a ƙarshe ba. Ta tambaya ko ka amsa, na ce saƙo yana hanya. Ta ce Allah ya yi maka albarka.

Ba mu da hotonta sai na katin asibiti. Duk kaset ɗin da ta taɓa yi maka ka ɗora amsa a kai, mu ma mun ɗora a kan taka, haka muka yi ta shafe juna ba mu lura ba. Wanda ke hannunka shi kaɗai ya rage da muryarta, kuma waƙar Musah ɗaya tana ciki. Na bar duk abin da ka rubuta mini, ka bar nawa. Ka dawo mini da shi yadda yake, in ji sau ɗaya, sai mu san yadda za a kwafa. Addu'ar arba'in ranar biyar ga Agusta ce.

Ƙanwarka,
Alima

Mancesta, 19 ga Yuli, 1988

Alima,

Allah ya jiƙan Mma, ya sa ta huta, ya ba mu haƙuri. Ita ta yi mini wanka da hannunta ranar da aka kawo ni, ina ta ƙaiƙayi. Ban san ta inda zan fara ba.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo, jiya. Na sauya ɗaki a watan jiya, suka kwanta a tsohon gidan har mai gidan ya ga dama ya kawo.

Kaset ɗin ba ya hannuna. Tun huɗu ga Yuni na ba Alhaji Tajudeen, zai biya ta Italiya kafin ya iso gida. Kuma ba yadda yake ba. A cikin fushin nan na ce tunda kin hana ni Musah, bari in nuna miki abin da kika hana shi. Na ɗauko faifan waɗansu samari mafi ƙara a cikin waɗanda nake da su, na ɗora a kai. Gefe biyu. Takardar Salimatu tana nan a ramukan, ko wahalar cusawa ban yi ba. Ban juya na ji ba, Alima. Minti biyar na ji na muryar Mma, cikin jin kunya, a gaban baƙi.

Na je na buga waya shagonku na Kokomlemle sau huɗu, layin ba ya shiga. Idan wannan ta riga Alhaji, kada ki kunna. Ki jefa shi kwata. Da na sani ƙeya ce, na sani, ba sai kin faɗa mini ba. Ki yafe mini in za ki iya.

Ɗan'uwanki,
Seidu

Maamobi, 14 ga Agusta, 1988

Seidu,

Ina lafiya. Mutanen gida lafiya. Wasiƙarka ta zo ranar Laraba, kwana biyar bayan addu'ar arba'in. Alhaji ya riga ta da mako guda.

Da ya miƙo mini ambulan na ga kankarar rezata, sai na ce Allah sarki, Seidu ya ji roƙona. Ban kunna ba. Irin wautarka na yi, na ce ba zan ji ni kaɗai ba. Ranar Juma'a bayan malamai sun shafa fatiha an raba masa, mata suka rage a tsakar gida, ƙawayen Mma na Nima, da 'yan'uwa daga Madina, da tsohuwar nan makauniya da suke sayar da goro tare. Na ce musu Mma ta bar mana magana. Aka aro babbar rikoda, aka sa sabon batir. Tsohuwar ta matso da tabarmarta har jikin sifika. Na sa gefe na biyu, na danna.

Ka san abin da ya fito, kai ka zaɓe shi. Jarirai suka fashe da kuka. Wata ta ce a'uzu billahi. Tsohuwar ta riƙa tambaya, "Ina Fusenar? Ina Fusenar?" Kawu ya taso daga zaure ya ce ashe har a zaman makokin uwata ban bar kiɗan mahaukata ba. Ban ce kai ne ba. Na kashe, na ɗauki rikodar na shiga ɗaki.

Abin da ya fi ba ni haushi, Seidu, kiɗan yana da kyau. Washegari na zauna na ji shi duka, gefe biyu, ina neman ko ka bar wani abu. Mai jitarsu yana jan waya irin yadda Musah yake yi in ya ƙosa. Da a wata rana ka aiko mini, da na rubuta maka shafi huɗu a kansa. Yanzu ko a trotro na ji an taɓa jita sai in toshe kunnena. Abu ɗaya nake da shi wanda ba na kowa ba a unguwar nan, mun haɗu mun raba ni da shi, kai da ni da Salimatu.

Ka bar wani abu kuwa, ba da saninka ba. Faifanka ya ƙare kafin zaren kaset ɗin ya ƙare. Bayan waƙarsu ta ƙarshe akwai ƙara kaɗan, sai muryar Mma, a dushe, tana jan hanci. Ta ce, "Salimatu, ya kama kuwa? To kashe." Sai ƙas. Ita ma ba ta kai ƙarshen zaren ba. A bayanta akwai jitar Musah, bugu ɗaya, na rufe waƙa. Sai dariyarsa. Sai kai, da muryarka ta da, kana cewa, "Ban yi daidai ba, mu sake daga farko." Daga nan zare ya ƙare. Na ƙirga, duka-duka numfashi goma ne.

Ka ce in jefa kwata. Ban jefa ba. Na zare takardar Salimatu daga ramukan da allura, na maida shi cikin tsummokarana.

Maganar yafiya, Mma ta sa maka albarka kafin ta tafi, wannan ba ni da ikon karɓewa. Tawa ka ba ni lokaci, ban san ko nawa ba. Kada ka aiko da kaset, ko sabo ko tsoho, babu mai yin magana a ciki yanzu. Ta babban kwata kuwa, jiya na gwada rerawa ina wanki. Baiti na uku ya ɓace mini. In kana tune da shi, ka rubuto a takarda.

Alima